Ƙeyar Malamin Lissafi

A makarantar akwai wani malamin lissafi da yara ke kira Mai Madubi. Dalilin sunan wani ɗan madubin babur ne da ya tsinta a bakin titi wata shekara, ya goge shi da hannun riga, ya kawo aji ya ɗaure da waya a ƙusar da ke saman allo. Tun daga ranar bai ƙara juyowa ya fuskanci ɗalibai ba. Da ya shigo sai ya ɗauki alli, ya ba su baya, ya yi ta rubutu yana bayani, maganarsa na bugun allo tana dawowa, ido ɗaya na kan lamba, ɗaya na cikin madubi. A cikin wannan ɗan gilashi yara sukan koma ƙanana kamar an zuba su a kwalba, na tsakiya kawunansu sun kumbura, na gefe sun lanƙwashe. Shi kuwa a haka ya fi son su. Ya taɓa gaya wa matarsa cewa yaron cikin madubi ya fi yaron fili hankali, ta ce to ya taimaka ya tsinto wa gidan guda ɗaya mana.

Ajinsa shiru ne irin wanda ko ƙuda ya shigo sai an ji fikafikansa. Duk wanda ya motsa sai ya ji an kira shi ba tare da an waiwayo ba, har sababbin yara kan raɗa wa juna cewa malamin yana da ido a ƙeya. In ya cika allo sai ya ce, “Kun gane?” Aji ya amsa baki ɗaya, “Mun gane, Malam.” Sai ya goge, ya sake cikawa. Idan baƙi suka zo daga ofishin ilimi, tagar ajinsa hedimasta yake fara kai su, su tsaya su kalli ƙeyar malam da kawunan yara a sunkuye, su jinjina kai su wuce. Wannan shirun shi ne dukiyarsa, da shi yake tinƙaho a ɗakin malamai.

Sai aka shigo da maganar ƙungiyoyi. Rana ɗaya a mako, in an kaɗa ƙararrawar tashi, yara ba sa tafiya gida, sai su rarrabu. Wasu su nufi filin ƙwallo, wasu muhawara, wasu wasan kwaikwayo. Wata matashiyar malamar kimiyya kuwa, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, ta tara nata a wata rumfar kwano da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, suna kiwon dodon koɗi a cikin akwatunan katako. Halitta ce da ta cancanci mutum ya ajiye aikinsa ya zauna ya kalla: gidanta a bayanta, idanunta a kan ƙahonni, in ta wuce ta bar wata 'yar hanya mai sheƙi kamar an ja zaren azurfa. Amma Mai Madubi bai taɓa leƙawa ba. Cewa yake wanda ya rasa aikin yi ne ke ba tsutsa mai hula abinci.

Da zangon karatu ya yi nisa, hedimasta ya tara malamai don a ji ra'ayin kowa, a ci gaba da ƙungiyoyin ne ko a rufe. Malamin wasanni ya ce shi dai abin da ya sani, yaron da ya yi gudu har ya gaji ba ya da ƙarfin tsokana washegari. Malamar Turanci ta ce tunda ta fara koya musu muhawara, ko maki ta ba su sai sun kawo hujja uku a kan ya yi kaɗan, ita kanta ba ta san murna za ta yi ba ko kuka. Malamin tarihi ya ce a yi duk yadda aka ga dama, muddin ba shi za a bar wa makullin aji ba, don shi ke ɗauko 'ya'yansa da yamma. Aka yi dariya, aka zuba shayi.

Mai Madubi ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya ajiye kofinsa. Ya ce bakin yaro murfi ɗaya gare shi, in ka buɗe da yamma ba ya rufuwa da safe. Ya ce kuma ba da ka yake magana ba, yana da shaida. Akwai wata yarinya a ajinsa da ke zama a benci na ƙarshe ta jikin bango, wadda yara ke kira 'Yar Lungu. Tun shigowarta makarantar bai taɓa jin muryarta ita kaɗai ba, bai taɓa ganin ta ɗaga kai daga littafi ba, rubutunta kamar na inji. Da ita yake yi wa sauran misali. To tunda ta shiga wajen masu kiwon nan, kullum a madubi yana ganin ta karkata kai tana kallon bakin maƙwabciyarta, wata mai surutu da ake kira Aku, ita kuma Akun tana ta motsa leɓe kamar mai taunar wani abu. Ya raba su, sun koma. Ya tsayar da su a rana, sun koma.

“In har wannan ta lalace,” in ji shi, “to ku gaya min wanda ya rage.”

Malamar kimiyya ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. Da aka tashi, ta bi shi har baranda ta ce, “Baba, don Allah ina son mu yi magana a kan yarinyar nan, amma mu biyu.” Ya ce 'yata, ki bari ki shekara goma da alli a hannu tukuna, sannan mu yi magana. Ya wuce, har yana jin daɗin amsar da ya bayar.

Washegari ya aika a kira mai kula da yarinyar. Kawunta ne ya zo, wani dogo mai gyaran fanka da firji, wanda ya riƙe ta tun rasuwar ƙanwarsa. Ya shigo ofishin hedimasta, inda aka riga aka kira yarinyar, yana goge baƙin mai a jikin wando, ya ƙi zama sai da aka matsa masa. Da ya ji bayani, sai ya yi ta godiya. Ya ce ai Malam ne kaɗai ya taɓa gaya masa gaskiya. Ya ce a gida ma haka take, taurin kai gare ta na fitar hankali, sai ka kira ta daga tsakar gida har muryarka ta dushe tana zaune tana kallon bango, sai ka zo ka tsaya a kanta sannan ta yi firgigit kamar ba ta san komai ba. Yana cikin maganar ya miƙe ya tsaya a gefenta, ya ce da ita ta ba Malam haƙuri. Yarinyar tana kallon takalmin hedimasta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ka gani ko, Malam? Ka gani da idonka.”

Nan take kawun ya yanke hukunci. Ya ce ba ƙungiya kaɗai ba, makarantar ma ta ishe ta haka. Ta ƙarasa makon, daga nan ta zauna a shago tana wanke masa kayan aiki, in ya so ya ga wanda za ta yi wa surutu a can. Hedimasta ya ce abin bai kai nan ba, a sassauta. Mai Madubi ma bai so haka ba, don shi ƙungiya ya zo rushewa, ba karatun yarinya ba. Amma yana tsaye a gaban mutumin da ya gama yabonsa, sai ya ji nauyin ja da baya. Ya ce a ransa fushin kawu ne, zai huce.

Ranar ƙarshe ta makon, bayan an tashi, ruwan sama ya tsinke yana kan hanyarsa ta zuwa ƙofa. Mafaka mafi kusa ita ce rumfar nan ta bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ya ruga ya shige yana kakkaɓe hula, sai ga shi a cikin abin da ya yi ta zagi bai taɓa gani ba. Wurin na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Akwatuna a jere an rufe su da raga, yara kaɗan sun zagaye wani tsohon tebur, malamar na tsakiyarsu. Ba ranar ƙungiya ba ce, sun zo ne su yi sallama da 'Yar Lungu. Tana can ƙarshen rumfar ta ba ƙofa baya, ta ɗora wani babban dodon koɗi a bayan hannunta yana hawa a hankali, ya miƙe ƙahonninsa.

Da yaran suka gan shi, kowa ya ƙame. Ita ba ta juyo ba. Ya daka mata tsawa irin wadda yake yi a aji, ya ce wa ya ba ta izinin zuwa nan. Ba ta motsa ba. Ya buɗe baki zai ƙara, sai iska ta turo wani daro na ƙarfe daga kan akwati, ya faɗi a siminti dab da dugaduganta da wata ƙara da ta sa shi kansa ya zabura. Yara suka yi tsalle, Aku ta dafe ƙirji. Yarinyar tana nan yadda take, tana shafa bayan dodon koɗinta da ɗan yatsa. Sai da daron ya gangaro ya taɓa ƙafarta sannan ta duba ƙasa.

Malamar ta je ta dafa kafaɗarta, ta zagayo ta gabanta, ta rage tsawo har fuskokinsu suka daidaita, sannan ta ce a hankali, tana buɗe baki sosai, “Malam ya zo.” Yarinyar ta juyo, ta gan shi, ta ɓoye hannun a bayanta.

Mai Madubi ya nemi abin zama bai samu ba, ya jingina da ginshiƙi. Malamar ta sallami sauran yaran zuwa ɗaya gefen, ta matso ta yi masa bayani ƙasa-ƙasa, ba ta iya kallon idonsa. Ta ce a nan zagaye suke zama, kowa na ganin fuskar kowa, shi ya sa ba a daɗe ba ta lura yarinyar ba ta kallon ido in ana magana, baki take kallo. Jinta kaɗan ne ƙwarai, sai an matso dab da kunnenta an ɗaga murya, sauran kuwa a leɓe take tsinta. Ita ce ta haɗa ta da Aku, ta ce duk abin da malami ya faɗa a aji Aku ta riƙa maimaita mata da leɓe ba sauti. A sauran azuzuwa ba a cika buƙata ba, tunda malamai na juyowa. A ajinsa ne kawai abin ya zama dole.

Ta ce laifin nata ne ita ma. Yarinyar ta roƙe ta har da kuka kada ta gaya wa kowa, tana tsoron yara su sa mata wani sunan, tana tsoron kawu ya ce ƙarya take. Ita kuma ta ɗauki alkawari kamar wata ƙawarta, ba malama ba. Ranar taro ta so ta faɗa, ta ga mutane sun yi yawa. Da ta ji an kira kawu ta so ta shiga ofis, ta tsaya a baranda ƙafarta ta ƙi. Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Shi dai ya san shi ne ya kore ta a baranda ranar taro.

Ya taka ya je gaban yarinyar. Rabon da ya tsaya kusa da ɗalibi haka fuska da fuska har ya manta. Ashe tana da ɗan tabo a gira, ashe idanunta manya ne. Ya tambaye ta me take ji in yana koyarwa.

“Ba na ji, Malam. Ƙeyarka nake gani.”

Ya ce to da yake tambaya ko sun gane, ai yana ganin bakinta na amsawa.

“In na ga kafaɗunsu sun ɗaga, sai in buɗe baki ni ma.”

Ba da tsiwa ta faɗa ba, yadda ake ba da amsar lissafi ta faɗa. Sannan ta fito da hannunta ta nuna masa dabbar, wai malama ta ce su ma ba su da kunne, amma suna sanin in ruwa zai zo. Ya kalli abin yana tafiya a kan fatarta. Ruwa bai gama ɗaukewa ba ya fita.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ya huce a gabansa. Ta tambaya ko ciwon kan ne ya tashi, ya ce a'a. Ta ce ko an cire masa madubin ne, ya ce ina ma an cire shi tun tuni. Daga nan ba ta ƙara tsokanarsa ba. Hutun ƙarshen makon nan ya yi shi yana sa takalmi yana cirewa. Ya san layin da shagon yake, amma duk lokacin da ya tuna yadda mutumin ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya, sai ya fasa. Ya riƙa lallashin kansa cewa wataƙila kawun ya huce, wataƙila ya ga yarinyar a bencinta.

Ran da aka koma, bencin jikin bango ba kowa sai Aku, ta ajiye jakarta a inda ƙawarta ke zama. Ya ɗauki alli, ya rubuta layi ɗaya, sannan ya juyo ya fuskanci aji. Yara suka tsorata fiye da in ya ɗauko bulala. Ya yi bayanin yana kallonsu kamar sabon malami, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Da ya ce kun gane, suka amsa mun gane kamar kullum, amma yanzu fuskokin na gabansa da girmansu, ya ga fiye da rabi idanunsu fayau, babu komai a ciki. Ya nuna wani yaro a layin gaba ya ce ya maimaita abin da ya gane. Yaron ya miƙe ya yi ta haɗiyar yawu. Wani ya yi dariya a baya, wani ya taya shi, kafin a jima ajin da ake kawo baƙi su gani ya kaure da hayaniya, har malamin tarihi ya leƙo ta taga ya ga ko lafiya. Mai Madubi bai tsawata ba. Ya ajiye allin, ya je ya gaya wa hedimasta ya janye maganarsa ta ranar taro, zai yi bayani a gaban kowa in ya dawo, yanzu yana neman izinin fita.

Shagon na cikin wani layi mai cunkoso, tsakanin mai walda da mai sayar da taya. Fankoki marasa fikafikai sun yi tsibi a ƙofa, tsofaffin firji sun jeru baki buɗe. Kawun na zaune a kan wani gwangwani yana naɗa waya a jikin inji. Da ya hango shi ya miƙe da fara'a, ya goge kujera da hularsa, ya ce Malam da kansa, ai da aike ya yi. Ya ce yarinya na baya tana aiki, shiru kamar ba ta nan, maganin ya yi.

Mai Madubi bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi a tsaye, ya fara daga daron da ya faɗi, ya bi ta kan Aku da leɓenta, ya ƙare da cewa shi ne bai juyo ba, yarinya ba ta yi laifin komai ba. Ƙarar walda na katse shi, dole wasu wuraren ya maimaita da ƙarfi, har mai taya ya daina abin da yake ya kasa kunne.

Fara'ar kawun ta tafi. Ya ce ba zai yiwu ba, shi ya raine ta, da kurma ce ai da ya sani. Ya ce kai ne fa ka kira ni, kai ka ce ta lalace, yau kuma ka zo da wani zance. Ya ce ku malamai kullum da sabon salo, jiya dodon koɗi, yau kunne. Mai Madubi ya ce duk ya yarda, a zage shi, amma a gwada.

Kawun ya juya ya dubi bayan shagon. Ta cikin ƙofar ana hango ta a tsugune, ta ba su baya, tana wanke ƙananan ƙarafa a cikin kwanon kananzir. Ya kira ta da muryar da ya saba. Ya sake kira a hankali, da irin muryar da wataƙila bai yi amfani da ita ba tun tana ƙarama. Hannunta bai daina cuɗa ƙarfen ba. Kawun ya koma ya zauna a kan gwangwanin.

Can kawun ya ce, “Wane kunnen ne ya fi?”

Mai Madubi ya ce bai sani ba. Bai tambaya ba.

Kawun ya buɗe tafin hannunsa na dama, wanda ya sha marinta da shi, yana kallo, ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya cusa shi a ƙarƙashin cinyarsa. Ya ce a zazzaɓin da ta yi tana ƙarama ne wataƙila, ko kuma ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Ya ce gobe zai rufe shago ya kai ta a duba ta, jibi ta koma makaranta, ta koma wajen dabbobinta ma in tana so. Ya ja hanci.

“Amma ni ba zan iya tsayawa a gabanta yanzu ba, Malam. Kai ka shiga ka gaya mata.”

Mai Madubi ya ratsa tsakanin firji biyu ya shiga. Wurin ƙunci ne, ga warin kananzir, babu hanyar zagayawa sai ta kan wani tarin fikafikan fanka. Ya tattare rigarsa ya taka su suna ƙara, ya dafa bango, ya sauka ta gabanta, ya durƙusa a cikin baƙin mai da wandonsa na aiki. Ta ɗago a razane, ta fara ƙoƙarin miƙewa. Ya yi mata alama ta zauna. Ta zuba wa bakinsa ido tana jira, shi kuma leɓensa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai da ya fara maganar ya bari, ya sake farawa, kafin ta iya karanta cewa jibi ana jiranta a aji.